An yi ma ginina jan fenti, wai mene ne aikin 'yan tsara gari?

Tambaya:

Assalamu alaikum malam, dan Allah ina da tambaya. Na sayi fegi a bayan gari nan Katsina ta wajen hanyar Batsari, awon igiya ne, ina da takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu ukku. Na fara gini har ya kai linta, sai ranar Talata da safe magini ya kira ni wai wasu sun zo da mota sun shafa ma bangon gaba jan fenti sun rubuta a dakata. An ce mani 'yan tsara gari ne. To wai mene ne aikinsu, ba su ne safiyo ba? Kuma suna da ikon rushe mani gini alhali da kuɗina na saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam malam. Kafin komi ka ce ma maginin nan ya tsaya, kar a ƙara ɗora ko bulo ɗaya, kuma kar wani ya ba ka shawarar a goge fentin a ci gaba da dare. Na ga waɗanda suka yi haka, kuɗin siminti kawai suka ƙara ma asararsu.

Safiyo daban, mai tsara gari daban, duk da sau da yawa tare kake ganinmu. Safiyo aikinshi awo, shi zai ce fegin nan ya fara daga nan ya ƙare a can, hamsin ne da ɗari ko bai cika ba, ya kafa dutse a kusurwa ya fidda taswira. Mai zanen gini shi ke da cikin gidanka, ina falo ina ɗaki ina bayi. Injiniya ya tabbatar rodi da kankare za su ɗauki nauyi. Mu kuma 'yan tsara gari tambayarmu ita ce, shin wurin nan ma ya kamata a yi gida? In an yi, ta ina mota za ta shigo, ta ina ruwan sama zai fita, yaran da za a haifa a layin ina makarantarsu, in an yi rasuwa ina za a kai mamaci.

Kaga ranar da aka yi cinikin fegin ka, mai gona ya karɓi kuɗinshi, dillali ya ci la'ada, shaidu sun sa hannu, an yi fatiha an watse. Amma babu wanda ya zauna a wurin a madadin hanya, ko lambatu, ko filin asibiti. Wannan kujerar ita ce tamu. Mai gona kuwa duk taku ɗaya da ya bar ma hanya kuɗi ne ya fita daga aljihunshi, shi ya sa a awon igiya zaka ga layin da ya kamata motoci biyu su gitta an matse shi, da ƙyar Keke Napep ke shiga, wani wurin ma layin sai ya je ya ci karo da bangon wani ya mutu a nan.

Akwai wata unguwa da na je dubiya shekarun baya, ba zan faɗi sunanta ba. Asali an bar layin da ɗan faɗi, sai na farko ya fito da dakali, na biyu ya ce ai shi ma da haƙƙinshi ya haƙa sokawe a waje, na ukku ya fidda shago yana saida kati da ruwan leda, kowa ɗan taku biyu ne ya ci ba wanda ya ji ya yi laifi. Ranar da gobara ta tashi a gidan da ke ƙurya motar kwana-kwana a bakin layi ta tsaya, tiyo bai kai ba, da bokitai da kurar 'yan ga-ruwa aka kashe wutar bayan ta gama cinye ɗakuna biyu. Mutanen da suka zage mu lokacin da muka je maganar dakalin su ne suka zo ofis daga baya suna tambaya wai me gwamnati ke yi.

Shi jan fentin nan da kowa ya san mu da shi wallahi shi ne ƙarshen aikin, kuma mafi ƙanƙanta. Babban aikin a kan tebur ake yin shi tun ba a kai bulo wurin ba. A zauna a duba yawan jama'a da yadda suke ƙaruwa, a duba ta wane gefe gari ke tafiya, ina tudu ina kwari, ina ruwa ke bi da damina, sannan a zana babbar taswirar gari ta shekaru masu zuwa, nan gidaje, nan kasuwa, nan masana'antu nesa da hancin mutane, nan tasha, nan maƙabarta da filin idi, nan hanyar da ba yau za a yi ta ba amma dole a tsare mata wuri tun yanzu. Daga cikin wannan ake yanka ƙananan shimfiɗu na unguwa-unguwa, abin da mutane ke kira awon gwamnati. Sai kuma duba zanen duk wanda zai yi gini kafin a ba shi izini, da wanda ke son maida gidan kwana ya koma gidan mai ko makaranta ko wurin biki. Bin gari a mota ana duba wa ya saɓa, wannan shi ne na ƙarshe.

Ka dubi Katsina kanta. Cikin ganuwa mutanen da sun tsara abinsu daidai da zamaninsu, lungu daidai mutum da jaki da kaya, hanyoyi na fita ta ƙofofi, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri da sauransu. Kududdufan nan da muke rainawa, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne, amma su ke shanye ruwan sama na unguwa. Da aka bi su ana cikewa da shara ana yankawa ana saidawa, ruwan bai fasa zuwa ba, ɗakin mutane ya koma shiga. Ruwa ba ya manta hanyarshi, wanda ya ga abin da ya faru a Jibiya a watan Yulin 2018 da ambaliya ta kashe mutane sama da 40 ba sai an yi mashi dogon bayani ba. To tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari ke faɗaɗa, a ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Katsina kaɗai ta wuce mutum 300,000, yanzu gine-gine sun tsallaka har cikin ƙasar Ɓatagarawa, ga kuma 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinshi.

Nan ne zan faɗi namu laifin, don ba zan zauna ina wanke mu tas ba. Mutane na sayen awon igiya ne saboda awon gwamnati bai isa ba, in an yanka ma sau da yawa masu hannu da shuni ke kwashewa. Ma'aikata kaɗan ne, gari na gudu muna binshi da ƙafa, shi ya sa maimakon a tare ka tun kana haƙa tushe sai an kai linta ake ganinka. Kuma kamar kowace sana'a akwai ɓata-gari, wanda zai shafa fenti don a neme shi a bayan fage. Duk wannan gaskiya ne, amma bai canza inda hanya take ba.

Maganar iko kuwa, eh doka ta ba su. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta cikin birni gwamna ke bada takardar shaidar mallaka, wadda ake cewa si-of-o, ta karkara kuma ƙaramar hukuma. Sai dokar tsara birane ta 1992 da ta ce ba a gini sai da izini, ta kuma bada ikon dakatar da aiki da rushe wanda aka yi ba bisa ƙa'ida ba, daga baya a 2003 kotun ƙoli ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, don haka kowace jiha da hukumarta da ƙa'idojinta. Takardar mai unguwa da ke hannunka tana da amfani, shaida ce cewa ka saya ba ƙwace ka yi ba, amma ba izinin gini ba ce. Kai ko mai si-of-o sai ya kai zane an duba an buga mashi hatimi kafin ya fara. Bambancin da zai dame ka shi ne na diyya, in gwamnati ta karɓi wuri mai takardu don aikin jama'a tana biyan abin da aka gina ko aka shuka a kai, wanda ya yi gini kan hanya ba izini kuwa da wuya ya ga ko sisi.

Sai dai jan fenti ba yana nufin gobe katafila za ta zo ba. Mafi yawa kira ne, ka zo mu gani. Abin da ake samu bai wuce ukku ba, ko dai fegin lafiya lau yake izini ne kawai babu, ka kai zane ka biya kuɗi da tara ka ci gaba. Ko bangon gaba ya shiga hanya, a ce ka ja da baya, ka yi asarar bango da wataƙila shago ɗaya. Ko kuma, Allah ya kiyaye, fegin gaba ɗaya ya hau kan hanyar ruwa ko filin makaranta ko ƙarƙashin babban layin wuta, irin mai 132kV ɗin nan da ake barin mita 15 kowane gefe, wannan kam ba gyara, sai ka koma kan wanda ya saida maka. Tunda ka ce bangon gaba aka shafa ma, zuciyata ta fi ba ni na biyun ne, amma sai an ɗora fegin kan taswira za a sani.

Ka ɗauki takardar cinikin da kwafinta, ka je ofishin hukumar tsara birane da kanka, kar ka aiki dillalin da ya saida maka don shi so yake maganar ta mutu. Ka nemi a nuna maka a taswira inda ka saɓa, a ba ka a rubuce. Duk abin da zaka biya ka biya ta banki ka karɓi rasit, wanda ya ce ka kawo wani abu a kashe maganar a waje ka sani fentin zai dawo ranar da aka canza ma'aikacin daga wurin. In ka ga an zalunce ka akwai hanyar ƙorafi har zuwa kotu, kuma zaka iya ɗaukar mai tsara gari mai rijista da TOPREC, hukumar da dokar 1988 ta kafa don yi ma 'yan sana'ar rijista, ya duba maka takardun. Sannan ka leƙa maƙwabtan layin ka ga ko su ma an shafa masu, in duk layin ne ku haɗu ku je tare da mai unguwa, an fi saurin sauraren mutum goma a kan layi ɗaya, wani lokacin ma akan sake zana wurin a daidaita shi kowa ya ɗan ja baya a fidda hanya da lambatu.

In ka dawo daga ofishin ka turo mani abin da suka rubuta maka, da hoton gaban fegin inda ake ganin faɗin layin.