Amsa: Me ya sa ake rarake bayan mutum-mutumin katako na tsoffin coci-cocin Jamus?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga hoton wani mutum-mutumin Maryamu na wajen shekarar 1500 bayansa a rarake kamar kwami, kana tambaya ko ɓarna ce. Da gangan masassaƙan suka yi. Gungume idan yana bushewa, gefensa kan riga cikinsa tsukewa, sai ya tsage. In aka ƙwaƙule cikin, tsagewar ta ragu, nauyi ma ya ragu. Kuma yawanci jingine suke a cikin akwatin bagade, wato babban akwatin ado da ke bayan teburin ibada a coci, wa zai ga bayan?

A kudancin Jamus itacen lindan suka fi so, don laushinsa yana bari a fitar da lanƙwasar tufafi da silin gemu. Bayan sassaƙa sai a shafe shi da alli da gam, a yi fenti, a liƙa zinariya 'yar siririya. Haka masassaƙi Veit Stoss ya yi wa bagaden da ya sassaƙa a cocin Maryamu da ke Krakow ta ƙasar Foland, daga 1477 zuwa 1489. Tsayin bagaden ya kai kusan mita 13.

Ni dai aikin masassaƙi Tilman Riemenschneider ya fi kwanta mini. Bagadensa na cocin Yakubu a Rothenburg ta Jamus, da ya kammala wajen 1505, bai sa masa launi ba, hasken taga ne ke fito da fuskokin. Ka nemi hotonsa ka duba da kyau: a wurin jibin ƙarshe na Yesu da almajiransa, Yahuza wanda ya ci amanar Yesu ne masassaƙin ya tsayar a tsakiya.