Tambaya da Amsa: Ina ruwan da ya ci Mepe ya fito, kuma yaya ake auna shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, ina sarin karfasa daga wajen masu kiwon kifi a bakin kogin Volta. A shekarar 2023 ruwa ya ci garuruwan wajen, mutanen da nake ciniki da su suka rasa gidaje da kejin kifinsu, alhali sun ce ba a yi wani ruwan sama na kirki a wurinsu ba a kwanakin. Ina ruwan ya fito? Da gangan aka sake shi ko dole ce? Yaya ake sanin yawansa? Kuma irin wannan zai iya zuwa mana nan Ankara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Mutanenki gaskiya suka faɗa miki. Ruwan da ya shiga ɗakunansu ba a kansu ya sauka ba, yawancinsa ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya iso. Kogin Volta yana tattara ruwa daga fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 400,000 a ƙasashe shida: Gana, Burkina Faso, Togo, Benin, Mali da Kwaddibuwa. Manyan rassansa uku ne, Baƙin Volta da Farin Volta da Oti, kuma dukansu tafkin Volta suke zubawa, a bayan madatsar Akosombo. Daminar arewa ɗaya ce, ƙarfinta a Agusta da Satumba. A farkon damina ƙasa tana shanye ruwa, amma idan ta ƙoshi, kusan duk abin da ya sauka gangarawa yake yi. Shi ya sa tafkin yake kai ƙololuwarsa wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ko da mutumin Mepe, garin da ke bakin kogin a ƙasan madatsar, yana ganin sama garau.

Wasu suna ɗora laifin duka a kan madatsar Bagre ta Burkina Faso, wadda ake buɗe ƙofofinta kusan kowace damina. Gaskiya ne Bagre tana cutar da manoman bakin Farin Volta a arewa, wajen Pwalugu da Nawuni. Amma idan aka kwatanta ta da tafkin Volta ƙaramar aba ce, ba ita kaɗai za ta cika shi ba.

Yanzu batun ko dole ce. An gama gina Akosombo a 1965. Duwatsu aka jibge aka yi ta da su, da laka a tsakiya mai hana yoyo. Irin wannan ginin yana jure nauyin ruwa ƙwarai, abu ɗaya ne ba ya jurewa: ruwa ya bi ta kansa. Da zarar haka ta faru zai fara zaizaye bayan ginin, cikin sa'o'i kaɗan ya yage shi, kuma abin da zai biyo baya ba zai tsaya a Mepe ba, har Ada, inda kogin ke faɗawa teku, zai share. Saboda haka aka sa wa tafkin iyaka. Ana auna tsayin ruwansa da ƙafa, daga matakin teku. Ƙasa da ƙafa 240 injinan wuta suna shiga matsala, kamar yadda aka gani a 2007 lokacin da aka yi ta rabon wuta. Iyakar aiki ta sama kuwa ƙafa 276 ce. A Oktoban 2023 ruwan ya haura ƙafa 277.

Mutum zai ce ƙafa ɗaya tak, mene ne a ciki? Faɗin tafkin kusan murabba'in kilomita 8,500 ne. Idan kika ninka wannan da ƙafa ɗaya, wato santimita 30 da ɗoriya, za ki samu ruwa kubik mita biliyan 2.6. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce. A ce ruwan da ke shigowa ya fi wanda ke fita da kubik mita 10,000 a kowane sakan, to a kwana ɗaya an tara miliyan 864, tafkin ya hau santimita 10. Kwana uku, ƙafa ɗaya ta cika. Injina shida na Akosombo ko duka suna aiki dare da rana, abin da suke wucewa da shi bai kai kubik mita 2,000 a sakan ba. Sauran ba shi da hanya sai ƙofofin saki.

Hukumar kogin, VRA, ta fara sakin ruwa daga Akosombo da ƙaramar madatsar Kpong da ke ƙasa da ita ranar 15 ga Satumba, 2023, da kaɗan-kaɗan. Da ruwan shigowa ya ƙi ja baya sai aka ƙara buɗe ƙofofin sosai a mako na biyu na Oktoba, har sakin ya kai kubik ƙafa 183,000 a sakan, wato sama da kubik mita 5,000. Ki ɗauki tankar ruwa mai lita 10,000 irin wadda ke shigowa unguwa, ki ce guda 500 suna juye kayansu a kowane sakan, ba tsayawa, har tsawon kwanaki. An rufe ƙofofin ranar 30 ga Oktoba.

To a ranar da ruwa ya kai ƙafa 277, saki dole ne, babu injiniyan da zai ce a'a. Inda ake da ta cewa shi ne makonnin da suka gabata. Wanda ke riƙe da madatsa yana tsakanin abu biyu. Idan ya saki ruwa da wuri kuma damina ta ɗauke, ya zubar da wutar lantarkin rani, ƙasa ta shiga dumso, wato yawan ɗauke wuta. Idan ya jira kuma damina ta zarce, sai ya saki mai yawa a lokaci ɗaya. Abin da ke raba gardamar nan shi ne hasashen ruwan da ke tafe daga arewa, kuma hasashe ba ya fin ma'aunin da aka gina shi a kai. A ganina nan ne ya kamata a zuba kuɗi, fiye da buhunan shinkafar agaji bayan ɓarna ta auku.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Kafin a gina madatsar, kogin yana cika ya yi ambaliya kowace shekara, mutanen Tongu, yankin da Mepe take, sun san iyakarsa, suna gini a kan tudu suna noma a fadama. Madatsar ta kwantar da kogin shekara da shekaru, sakin ruwa ya zama abin da ake daɗewa ba a gani ba, na ƙarshe kafin wannan a 2010 aka yi. Sai gidaje da makarantu da kejin kifi suka gangaro cikin tsohuwar hanyar ruwa. Ciyayi da yashi kuma sun cushe ƙananan rafuka da bakin kogin a Ada, ruwan bai samu saurin fita teku ba.

Yadda ake awon kuwa, abu uku ake aunawa, kuma mutane suna yawan haɗa su.

Na farko ruwan sama, da milimita. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Wannan aikin hukumar yanayi ne, GMet.

Na biyu tsayin kogi. Ana kafa sanda mai lambobi a bakin ruwa ko a jikin ƙafar gada, a ɗaure sifilinta da wata alama tabbatacciya a kan tudu, wani ya riƙa karantawa safe da yamma. Tashoshin zamani suna da na'urar da ke jin nauyin ruwan da ke kanta, ko wadda ake ratayewa a gada tana auna tazarar da ke tsakaninta da fuskar ruwa, ta aika lambar ta layin waya. Akwai irin waɗannan tashoshi a Nawuni a kan Farin Volta, da Saboba a kan Oti, da Bamboi a kan Baƙin Volta.

Na uku shi ne mai wuya, wato yawan ruwan da ke wucewa a sakan. Tsayi kaɗai ba ya faɗin wannan. Sai an shiga kwale-kwale, a raba faɗin kogin gida ashirin ko fiye, a kowane gida a auna zurfi da gudun ruwa. Gudun ana auna shi da na'ura mai farfela da ake saukarwa zuwa kashi shida cikin goma na zurfin, domin a nan ne gudun yake kusa da matsakaici, ruwan sama-sama ya fi sauri, na ƙasa kuma yashi yana riƙe shi. Faɗi sau zurfi sau gudu, a tara na dukan gidajen. Kogi mai faɗin mita 200, zurfin mita 5, gudun mita ɗaya da rabi a sakan, yana wuce da kubik mita 1,500. Yanzu akwai na'urar da ake ɗaurawa a jikin jirgi tana aika sauti cikin ruwa, ta yi wannan lissafin a tsallakawa ɗaya. Idan aka maimaita awon a ƙaramin ruwa da matsakaici da babba, sai a zana jadawalin da ke cewa tsayi kaza daidai yake da ruwa kaza. Daga nan mai karanta sanda ya isa.

Matsalar ita ce jadawalin ya fi rauni a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ba mai son shiga kwale-kwale a tsakiyar ambaliya, don haka saman jadawalin yawanci ƙiyasi ne. Da kogi ya fita daga bakinsa ya bazu a fadama, ƙarin santimita goma na iya nufin ruwa mai ɗimbin yawa da jadawalin bai san da shi ba. Ambaliya tana kwashe yashin gindin kogi ko ta jibge sabo, sai tsohon lissafi ya daina aiki. Wani lokaci sandar kanta ruwa ke tafiya da ita, ko batirin na'ura ya mutu ba a canja ba. Hoton tauraron ɗan adam mai amfani da rada yana taimakawa, tunda yana gani ta cikin gajimare, amma faɗin inda ruwa ya rufe yake nunawa, ba zurfinsa ba.

Idan kika ji an ce "ambaliyar shekara ɗari", ba wai sai bayan shekara ɗari za ta dawo ba. Ma'anarta a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari. Wanda ya zauna a wurin shekara 30, yiwuwar ya gamu da ita ta kai kashi 26 cikin ɗari.

Ɓarnar 2023 ta fi tsanani a gundumomin Tongu uku, Mepe ce kan gaba, sai Battor da Adidome da Sogakope, har zuwa Asuogyaman da Ada. Alƙaluman hukumar agajin gaggawa, NADMO, sun fara daga mutum 26,000, daga baya suka haura 35,000. A wasu unguwannin Mepe rufin kwano kaɗai ake hangowa, jama'a suka koma azuzuwan makarantar St. Kizito. An kashe tashar rarraba wuta ta Sogakope saboda ruwa ya shige ta. Gonakin rogo da masara suka ruɓe, domin rogo ba ya jure kwanaki a cikin ruwa. Kejin karfasa kuwa abu biyu ne suka kashe shi: ƙarfin ruwa ya tsinka igiyoyin da aka ɗaure shi da su, sannan ruwan ya zo da laka da ciyayi, kifi ya rasa iska. Ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce ta ruwan sha, don masai da bola da maƙabarta duk ruwa ɗaya ya bi ta kansu ya shiga rijiyoyi. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ta, an wanke da sinadarin kulorin, kafin nan a tafasa ruwa ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa a jira minti 30.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gargaɗi ke isa ga mutane. Sanarwa mai cewa za a saki kubik ƙafa kaza ba ta gaya wa tsohuwa ko ta kwashe buhunan garinta. Abin da take bukata shi ne a ce mata ruwa zai kai tagar makaranta ranar Laraba. Ana iya yin wannan: taswirar da ke nuna inda kowane matakin saki zai kai, da ginshiƙai masu fenti ja da rawaya a kowane gari, da mutum ɗaya a kowace unguwa da aka san shi zai yi shela.

Ankara kuwa, ruwan Volta ba zai zo Nima ba. Kogin yana faɗawa teku a Ada, kusan kilomita 100 gabas da mu, kuma ba kwari ɗaya muke ba. Namu daban ne. Babbar gwatar Nima da rafin Onyasia suna zuba a kogin Odaw, Odaw ta bi ta Alajo da Circle ta shiga tafkin Korle. Fili ne ƙarami, kusan murabba'in kilomita 270, amma ya cika da kwano da kankare da kwalta, ruwa ba ya samun inda zai nutse. Volta tana ba da makonni, Odaw sa'o'i biyu ko uku take bayarwa. Idan ruwan ya haɗu da cikar teku, ga yashi da leda sun cinye rabin zurfin magudana, sai ya komo baya. Haka aka yi ranar 3 ga Yuni, 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum sama da 150 suka rasu. Wanda ya yi kama da na Akosombo a nan shi ne madatsar Weija a kan kogin Densu, wadda sakinta ke shafar Tetegu da Oblogo.

Don haka a gida, ki sa ido kan gwatar da ta fi kusa da ke daga Mayu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba. Ki yi alama a bango inda ruwa ya taɓa kaiwa, soket da firiza da takardu su kasance sama da nan. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba, santimita 60 yana ɗauke mota. Lambar gaggawa 112 ce.

A kasuwanci kuma, daga tsakiyar Agusta ki riƙa tambayar tsayin tafkin, VRA tana fitar da shi. Idan ya kusa ƙafa 275 tun Satumba ba ta ƙare ba kuma yana ci gaba da hawa, kada ki ba da kuɗin kafin alƙalami mai yawa ga masu keji a ƙasan Kpong, ki ce musu su kwashe kifin da ya isa sayarwa, su ƙara igiya su ja kejin gefe inda ruwa ba ya gudu.