Ina so in riƙe fistol saboda hanya, me doka ta ce?

Wani ɗan kasuwa ya turo min saƙo, ya ce duk sati yana bin hanyar Funtua zuwa Gusau da kuɗin hatsi a jiki, an taɓa tare motar da ke gabansu, yanzu wani ya yi masa tayin ƙaramar bindiga, wai ya saya ko kar ya saya?

Alhaji, wallahi na fahimci tsoronka, amma kar ka saya. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kuma fistol tana rukunin haramtattu ne, layi ɗaya da mashinga da gurneti. Lasisinta shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon bayarwa, ba DPO ba, ba kwamishinan 'yan sanda ba, ba gwamna ba. Ka tuna a 2022 da Gwamna Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga, Janar Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. To duk wanda ya ce zai haɗa maka takarda kuɗinka kawai zai ci. In aka kama ka da ita a shingen bincike hukuncin ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, kuma alƙali ba zai tambayi ko ka taɓa harbawa ba, samun ta a hannunka ya wadatar, ga shi a irin wannan hanyar kafin ka gama bayani an riga an kira ka mai kai wa ɓarayin daji makami.

Rukuni na biyu irin su mai baki biyu, Sufeto Janar ke bada lasisi, na uku kuma, bindigar toka, kwamishinan 'yan sandan jiha. Sai ka kai shekara 17, da hankali, idonka lafiya, ba mashayi ba, ba a ɗaure ka kan laifin tashin hankali ba cikin shekara 5. Sai dai a 2023 'yan sanda sun sanar da dakatar da bada sabon lasisi, don haka ka fara zuwa hedkwatar jiha ka ji inda aka kwana kafin ka kashe ko sisi.

Kare kai kuwa haƙƙinka ne, sashe na 33 na tsarin mulki da Penal Code, dokar laifuka ta Arewa, duk sun yarda da shi, amma da iyaka. Ƙarfin da za ka yi amfani da shi ya yi daidai da barazanar, da zarar ta kau haƙƙin ya kau. Wani manomi a Adamawa da aka kai wa hari da wuƙa a gona ya ƙwace ta ya kashe maharin, a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, don a ganin kotu tunda ya ƙwace wuƙar yana iya gudu. Abin ya min ciwo, amma haka kotu ke kallon lamarin.

Abin da zan ce ka yi, daina yawo da tsabar kuɗi, ka koma tiransifa, ku dinga tafiya ayari da rana, ƙungiyarku ta kasuwa ta rubuta wa kwamishina neman rakiya a hukumance. In kuma ka riga ka karɓi bindigar, kar ka saka ta a mota ka ce za ka kai ofis da kanka, ka fara samun lauya ya shirya yadda za a miƙa ta a rubuce.