Ƙarfe Ne Ke Yaɗa Ciwon Daji, Ko Ƙwayar Ce Ke Tashi Da Kanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Goggona mai shekara 48 tana da ƙulli a maman hagu, an ce a ɗebi tsoka da allura a gwada. Baffannina sun hana, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai bazu a jiki. A aji an koya mana cewa furotin ɗin shingayen bincike irin su p53 da p27 aikinsu tsayar da rabuwar ƙwayar halitta ne. To idan lalacewarsu yawan rabuwa kawai take jawowa, me ke sa ƙwaya ta bar mazauninta? Ko maganar baffannina tana da ƙamshin gaskiya? Wata uku ke nan ana jan magana, hankalina ya tashi.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba goggonki lafiya. A duk abin da kika faɗa, wata ukun nan ne abin tsoro.

Abin da aka koya muku gaskiya ne, amma bai cika ba. Furotin ɗin da ke tsaron shingayen suna da aiki na biyu a wajen cibiyar ƙwaya, kuma aikin ya shafi yadda take riƙe da maƙwabtanta da shimfiɗar da take zaune a kai. Dole ma ya zama haka, tunda ƙwayar da za ta rabu sai ta kwance mafi yawan maƙalanta, ta dunƙule, ta rabu biyu, sannan 'ya'yan su sake shimfiɗuwa. Masu bincike a Jami'ar Mancesta sun nuna a 2018 cewa CDK1 tare da saikilin A2, furotin ɗin da ke tura ƙwaya zuwa rabuwa, suna ƙara faɗin maƙalan a zangon S, lokacin da take kwafar DNA ɗinta, da an shiga G2, zangon da ke gab da rabuwa, kuma furotin Wee1 ya danne CDK1 sai maƙalan su fara raguwa tun kafin rabuwar. Ta ɗaya ɓangaren, lafiyayyar ƙwayar da intagirin ɗinta, wato furotin ɗin da take riƙe shimfiɗa da shi, bai kama komai ba ba ta tara saikilin D1, don haka ba ta wuce G1, zangon da ke kafin S, ƙwayar rufin gaɓa kuwa in ta ɓalle kashe kanta take yi.

Ɗauki p27 da kika ambata. A cikin cibiya yana riƙe CDK2 ya hana shiga zangon S. Amma idan hanyar PI3K da Akt, mai isar wa ƙwaya saƙon girma, ta yi ƙarfi, abin da ke yawan faruwa a sankarar mama, sai Akt ya manna masa fosfet a gurbi na 157, ya kasa shiga cibiyar. An ruwaito wannan a 2002. A waje sai ya kama RhoA ya hana a kunna shi. RhoA shi ke ɗaure igiyoyin aktin yana ƙarfafa maƙala. In an sassauta shi maƙalan suna saurin kwancewa da sake ƙulluwa, ƙwayar ta sami damar rarrafe. A 2004 an nuna cewa ƙwayoyin ɓera da aka cire wa p27 gaba ɗaya tafiyarsu raguwa take yi. Kin ga asara biyu daga ɓarna ɗaya: babu mai tsayar da rabuwa a ciki, ga mai taimakon tafiya a waje. Shi ya sa ganin p27 a kan gilashin gwaji ba ya gaya miki komai sai kin san a wane sashe na ƙwayar yake. Ɗan uwansa p21 yana yin makamancin haka da ROCK, abokin aikin RhoA, saikilin D1 da CDK4 kuma suna taɓa faksilin, wani furotin na maƙala, a bakin ƙwaya su kunna Rac1, mai taimaka mata tafiya.

Shi kuwa p53, wanda ya lalace a kusan rabin dukkan cututtukan daji, lafiyayyensa yana sa a samar da ƙananan RNA masu suna miR-200 da miR-34, su kuma su danne furotin ɗin ZEB1 da Snail. Waɗannan biyun su ke kashe E-kadherin, furotin ɗin da ke manne ƙwaya da maƙwabciyarta. In p53 ya tafi, mannewar ta yi rauni. Gurɓataccen p53 ya ma fi rashinsa sharri: an nuna a Gilasgo a 2009 cewa yana hanzarta mayar da intagirin α5β1 da EGFR, mai karɓar saƙon girma, saman ƙwaya, abin da ke ba ta ƙarfin kutsawa cikin tsokar kusa.

To yanzu ga baffanninki. Duk abin da na lissafa yana faruwa ne cikin shekaru, a cikin ƙwayar, babu ƙarfen da ya kusance ta. Ƙullin da ya kai santimita ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi kusan biliyan ɗaya, wato ya ninka kansa sau 30 ko kusa da haka kafin hannu ya ji shi. A tsawon wannan lokaci yana zubar da ƙwayoyi cikin jini da hanyoyin kaluluwa da kansa. Mafi yawansu mutuwa suke yi. Isaiah Fidler ya gwada a 1970: ya zuba ƙwayoyin dajin fata a jijiyar ɓeraye, waɗanda suka rayu suka kafa sabon ƙari ba su wuce ɗaya cikin dubu ba. Turo ƙwaya daga wurinta bai isa ya sa ta kafu a huhu ba. Sai ta tsira daga mutuwar rashin maƙala, ta jure gudun jini da sojojin garkuwa, ta fita daga jijiya, ta kama sabuwar shimfiɗa, ta sake rabuwa. Wadda ta iya wannan ba ta jiran allura, wadda ba ta iya ba kuwa allura ba za ta koya mata ba.

Na san inda camfin ya samo ƙarfinsa. Mafi yawan matanmu sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu suke zuwa asibiti, bayan an sha jiƙe-jiƙe, an yi sakiya, an shafa ƙulle-ƙulle har fata ta fashe. A ɗebi tsoka yau, bayan wata biyu a ga cutar a hanta ko a ƙashin baya, sai dangi su ce allura ce. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Cutar tana can tun kafin mai ita ta taka ƙofar asibiti, hoto ne kawai ba a ɗauka ba. Wadda ta zo da wuri aka yi mata aiki ta warke kuma ba ta shela, don ba ta son a san an cire mata mama, sai labarin wadda ta rasu kaɗai ya zaga gari. Masu ɗora lasifika a kan mota suna tallan maganin daji da wannan suke cin abinci. Abin haushi, mutumin da ke hana allurar asibiti shi zai ɗauko aska ya tsaga ƙullin, ko ya kafa ƙaho a kansa, ya bar mace da gyambon da ba ya warkewa. Ashe askarsa ba ƙarfe ba ce? Har wasu masu kemis da ma'aikatan lafiya suna maimaita maganar, su kam ba su da uzuri.

Akwai wuraren da likitoci ke kaffa-kaffa, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Ba a soka allura a ƙarin maraina, cire shi ake yi ta matsematsi. Ƙarin ƙwan mace ana ƙoƙarin fitar da shi ba tare da ya fashe ba. A dajin hanta ana samun ƙwayoyi su kafu a hanyar allura a kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi ya sa sau da yawa hoto ake dogara da shi. A dajin tsoka da ƙashi kuma ana yanke hanyar allurar tare da ƙarin ranar tiyata. A mama abin yana da wuyar faruwa ƙwarai, kuma tiyata da gashin na'ura (radiyotarafi) da ke biyo baya suna share wurin.

Ga abin da za a yi wa goggonki. Za a kashe zafin wurin, a shigar da allura mai lamba 14, an fi so a ƙarƙashin hoton sikanin, a ɗebo silin tsoka uku zuwa biyar. Bai cika wuce rabin awa ba, ta koma gida a ranar. Inda ake yawan yin ɓarna shi ne bayan nan. Tsokar ta shiga fomalin mai kashi 10 cikin 100 kafin awa ɗaya ta cika, ruwan ya ninka ta sau goma aƙalla, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka sa ta a ruwan gishiri ko sifirit, ko aka miƙa wa ɗan rakiya ya kwana biyar yana yawo da ita, furotin ɗin sun lalace, gwaji ya ce babu abin da alhali akwai.

Ki nemi a yi gwajin ER da PR da HER2, alamomin da ake duba wa a tsokar don zaɓar magani, da Ki-67 mai nuna saurin rabuwar ƙwayoyi in akwai. E-kadherin ana duba shi ne in ana zaton nau'in lobula, wanda ƙwayoyinsa ke jeruwa ɗaya bayan ɗaya saboda sun rasa mannewa. Kada ki ɓata kuɗi kan neman p27. Ba ya cikin gwajin da ake zaɓar magani da shi. Magungunan da ke toshe CDK4 da CDK6, irin su palbociclib da aka amince da shi a Amurka a 2015, ga tsada, kuma ana ba da su ne ga mai ER wadda ba ta da HER2. Babu yadda za a san haka sai da tsokar. Yana ma iya yiwuwa ƙullin ba daji ba ne.

Ki tafi da babban baffanku asibitin ya ji daga bakin likita, ya fi ki yi ta musu da shi a gida. Ki rubuta lambar samfurin a wayarki, ki tambayi ranar karɓar sakamako. In mako biyu ya wuce shiru, ki je ɗakin gwajin da ƙafarki, domin takarda tana iya kwana wata guda a kan tebur babu mai ɗaga ta.