Fijo 504 ta Gado: Ina Iyakar Gyara?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Fijo 504 haɗin Kaduna. Inji ya gaji, makanike ya ce a sa na Toyota, a canza kujeru da fenti. Yayana ya ce in aka yi haka ta tashi daga motar Baba. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, Malam. Tsoron yayanka yana kan hanya, sai dai ba inji ne abin tsoron ba, wutar mai walda ce.

A Ingila, hukumar rajistar motoci ta daɗe tana auna ko motar da aka yi wa gyara tana nan a matsayin ta asali da maki, kafin ta sauya tsarin a 2025. Shasi na asali wanda ba a yanka ba maki 5, giya 2, sitiyari 2, aksul (ƙarfen da tayoyi ke ɗaure a kai) 2, kayan ƙafa 2, inji kuwa 1 tak. Motar da ta samu 8 cikin 14, har da biyar ɗin shasi, ita ke riƙe lambarta ta asali a wancan tsarin. Ba dokarmu ba ce, amma ni da ita nake awo. Ka ga ko an cire inji da giya, saura 11.

Ga inda gizo ke saƙar. Ita 504 salun, wadda ta fito a Faransa a 1968 aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, bodinta shi ne shasinta, ba firam daban gare ta ba. Injin Toyota ba zai zauna a mazaunin na Fijo haka kawai ba, sai an yi yanka da ƙari. Na sha leƙa ƙarƙashin bonet in tarar an fafe ƙarfe kamar ƙwarya, an liƙa wani da walda, wani lokaci har lambar shasi ta tafi. Wannan ba ya komawa. Shi ya sa nake cewa ka fara neman injin 504 wajen masu tsofaffin kayan Fijo, ko a sauke naka a canza ring da fistin. Inji ne mai kafireta, ba kwamfuta, tsofaffin makanikai sun san shi kamar yunwar cikinsu.

Birki, taya, lagireto, batir da wayoyi, canza su ba tare da wani tunani ba. Da zafin Gusau ba a wasa da lagireto. Fenti a maimaita launin da ta zo da shi. Kujeru a sake musu fata, kada a jefar da ƙarafunansu. Dashbod da sitiyari kam ka bar su, nan hannun Baba ya fi zama.

In dole sai na Toyota, a ɗaure shi da kusoshi a kan faranti, ban da yanka, kuma a gyara lambar inji a takardun mota. Tsohon kuwa kada 'yan gwangwan su gan shi. A zuba masa baƙin mai, a rufe da tamfol, a ɗora kan katako a zaure.