Amsa ga mai tambaya kan Tiger ɗin Kursk da maganar zimmerit

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa ƙaramin samfurin tankar Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, Tiger I, na kamfanin Tamiya, mai sikelin 1/35, kana son ya fito kamar na yaƙin Kursk, sai wani ya ce maka Tiger marar zimmerit (kwaɓin nan mai gurza-gurza da Jamusawa ke shafa wa jikin tanka don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne) ba Tiger ba ne, yanzu kana tambaya ko ka shafa. Don Allah kada ka shafa! Ina karantawa raina ya sake ɓaci, don irin mutumin nan na san shi.

An gwabza yaƙin Kursk, a ƙasar Rasha, a watan Yulin 1943. Zimmerit kuwa sai bayan nan aka fara shafa wa Tiger a masana'anta, wajen Agusta zuwa Satumba, aka dakatar da shi a Satumban 1944 saboda jita-jitar yana kamawa da wuta. To ta ina zai hau tankar Kursk?

Ni nawa ya same ni ne a wani zauren intanet, ba wannan ba. Na ɗora hoton Tiger ɗina na rundunar 503, ɗaya daga cikin rundunonin Tiger da suka yi Kursk, ina ta murna, sai wani malam da ke ji da kansa ya zagaye jikin tankar da jan layi, ya rubuta wai "wasan yara". Ya kawo hoton wani Tiger na yaƙin Nomandi a Faransa, na 1944, mai wilin ƙarfe, ya ce ga hujja. Na nuna masa kwanan wata, ya ce raina shi nake yi, shi da ya fara haɗawa tun ban san gam ba. Yaransa suka yi caa a kaina. Wallahi daren nan ban runtsa ba, har na ɗauko foti (kwaɓin da ake kwaikwayon zimmerit da shi) da samfefa na ajiye a gabana ina kallon tankar. Kit ɗin da na yi ta tara kuɗi kafin na saya, ga tsadar dala, ga kuɗin aikowa da ya kusa kamo kuɗin kayan! Da wani dattijo ya ɗora hotunan Bundesarchiv, ma'ajiyar tarihin Jamus, na Yulin 1943, jikin tankokin sumul, kawai sai malamin ya goge maganarsa. Ko "yi haƙuri" babu. Har yau yana can yana yi wa sababbi haka, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Abin da ya kamata ka duba ma ba zimmerit ba ne. Leƙa rumfar kwamanda: ta Kursk doguwa ce kamar ganga, mai tsagogin leƙe, gajerar nan mai madubai a Yuli aka fara fitowa da ita daga masana'anta. Wili ya zama mai bakin roba, na ƙarfe zalla sai Fabrairun 1944. Matatun iska na Feifel a baya, bar su, sai wajen Oktoba aka daina sa su, ko da yake a hotuna za ka ga wasu sun fige ko sun lotse.

Fenti kuma kada kowa ya ɗaga maka hankali. Tun Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, Dunkelgelb, koren da jan ƙasar kuwa sojoji ne ke shafawa da kansu a fagen daga, wani ya sirka da fetur, wani da ruwa. Yaya za a yi launi ya zo ɗaya? Af, in kana feshi da rana a zafin nan, ƙara sirki, in ba haka ba fentin zai bushe tun a iska ya sauka kamar yashi. Lokacin hunturu kuma kifa kwali a kai saboda ƙura.

Tankokin gidan tarihi ma a yi hattara da su. Tiger 131 da ke Bovington a Ingila, wanda aka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, injin da ke cikinsa yanzu HL230 ne, ba HL210 ɗinsa na asali ba, fentinsa ma sabo ne. Takardar cikin kwali ita ma takan haɗa sitikar wata runduna da kayan wani wata daban.

Ni yanzu hoto ɗaya nake zaɓa, na tanka ɗaya mai lamba, da watan da aka ɗauka, in bi shi. Wanda ya zo da surutu in ce kawo naka hoton. Ɗauko mana rumfar kwamandan da bayan tankar ka ɗora a nan, ka kuma faɗi lambar da kake son mannawa, mu ga ko ta rundunar 503 ce ko ta rundunar 505.