Ki Bar Mini Maigidana Ya Sha Ƙura

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce surukarki na ƙorafin kin kulle mata jika, yaro ɗan shekara 4 daga boko sai Islamiyya sai lesin, in ya dawo a miƙa masa waya. Kina tambaya ko barin yara su yi ta wasa al'ada ce mai tushe, ko kuwa sakaci ne na mutanen da. Kada ranki ya ɓaci, wannan karon ina bayan surukarki.

Mu da muka tashi a Tudun Wada, wasa da lokacinsa yake. In an ci tuwon dare kuma ga farin wata, sai dandali: mata gaɗa, maza langa. Kuma ba sakinmu aka yi ba. Tsofaffi na zaune a ƙofar gida, kowane babba a layin uba ne, in ka zagi wani kafin ka isa gida labari ya riga ka.

Ɗauki carafke kaɗai. Ki jefa dutse sama, ki kwashi na ƙasa, ki cafe shi kafin ya faɗo. Ɗai-ɗai, sai bibbiyu, sai uku-uku. Ni da shi na iya ƙirga tun ban ga allon makaranta ba, kuma hannun da ya saba cafe dutse ba ya shan wahalar riƙe alƙalami. Langa kuwa, yaro ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle, a ture shi ya faɗi, a yi masa dariya, ya karkaɗe wando ya dawo layi. A nan ake koyon a ci ka ka haƙura, ka jira zagayowar naka. Wane malamin lesin ne zai koya masa wannan?

Babanki ma, da kike ganinsa yanzu da furfura da carbi, yini yake yi yana feƙe kara yana haɗa mota, tayoyin daga tsohon silifas. In ta wargaje ya sake wata dabara. Ya sha faɗa kan reza, amma ba a taɓa hana shi ba.

In ta fuskar addini kike tsoro, ai kin san Annabi (SAW) ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa. Nana A'isha kuma tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidansa. Su ma likitoci can suka dosa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro sa'an naki ya samu aƙalla awa 3 na motsa jiki a yini, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. Ki lissafa nasa da kanki.

Na san Kadunar yau ba ta da ba ce. Filayen da muka yi gaɗa sun zama shaguna, ga 'yan acaba, ga fargabar ɓatan yara. Ban ce ki tura shi titi da daddare ba. Amma kina da tsakar gida. Bayan la'asar ki kira 'ya'yan maƙwabta, ki ba su ƙasa da gwangwanaye, ki koma gefe da tsintar shinkafarki. In sun yi rigima kada ki yi saurin shiga, sai in kin ga za a ji ciwo. Lesin ɗin nan kuma ki ajiye shi tukuna.

Ranar Asabar ki kawo mini maigidan nawa, na sa an samo mini kara daga Rigachikun. Kuma don Allah kada ki sa masa farar shadda.

Gwaggonki.